JINJINA KO WANKIYA? Yadda Daraktoci Ke Gaida Magabatansu Da Kyamara

DUK wanda ya kalli Kill Bill, fim ɗin da Quentin Tarantino ya saki a 2003, ba zai manta kayan da jarumar fim ɗin, Uma Thurman, ta saka ba a ranar da ta shiga wani gidan cin abinci a Tokyo da takobi a hannu. Riga da wando ne ruwan ɗorawa, da baƙin layi ya sauko a gefe. Yaran yanzu za su ce kayan sun yi mata kyau, shi ke nan. Amma zaunar da wani babban yaya wanda ya ci zamaninsa a silimar Plaza ko Orion ko Eldorado a Kano, ka kunna masa wurin nan. Kafin ta zare takobin zai miƙe tsaye ya ce, "Kai! Ai kayan Bruce Lee ne!"

Kuma gaskiyarsa. Irin kayan ne Bruce Lee ya saka a Game of Death, fim ɗin da ya fara ɗauka a 1972, ya ajiye shi don ya yi Enter the Dragon, sannan mutuwa ta ɗauke shi a watan Yulin 1973 yana ɗan shekara 32 bai ƙarasa ba. Sai a 1978 wasu suka harhaɗa shi da masu kama da shi aka fitar. Tarantino bai ɓoye komai ba. So yake ka gane kayan. Don ma kada ka yi shakka, sai ya buɗe fim ɗin da tambarin Shaw Brothers, kamfanin Hon Kon ɗin nan da ya cika duniya da finafinan Chanis, ya kuma ɗauko Gordon Liu, jarumin The 36th Chamber of Shaolin na 1978, ya ba shi wasa.

To wannan abu shi ne muke so mu tattauna a kai a wannan wata. Turawa suna da nasu sunan da suke kiransa, mu bari mu kira shi jinjina: darakta ya ɗauko wani hoto daga tsohon fim da ya yi suna, ko tsayuwar ɗan wasa, ko sutura, ko yadda aka girke kyamara, ya dasa a cikin nasa fim ɗin da gangan, don ya nuna wa duniya a gindin wa ya yi karatu. Mu kuwa a industiri akwai kalmar da muka fi sabawa da ita, wato wankiya, kuma an daɗe ana ɓatawa a kanta. Ina iyakar ɗaya, ina farkon ɗayar?

KEKEN JARIRI A KAN MATAKALA

In dai ana maganar jinjina, daga nan malaman fim suke farawa. A 1925 wani matashi ɗan shekara 27 a Tarayyar Sobiyet, Sergei Eisenstein, ya yi fim mai suna Battleship Potemkin, baƙi-da-fari, babu magana a ciki, kan boren da sojojin ruwan wani jirgin yaƙi suka yi a 1905. A ciki akwai fitowar da sojojin sarkin Rasha suke saukowa a jere daga saman wata doguwar matakala a birnin Odesa, wanda yanzu yake ƙasar Yukiren, suna harbin jama'a. Mutane na gudu, ana tattake juna. Sai harsashi ya sami wata uwa, tana faɗuwa ta bangaji keken da jaririnta yake ciki, keken ya fara gangarawa ƙasa, taki ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa wurin ya zama makaranta shi ne editin. Eisenstein bai bar kyamara a wuri guda ba. Yanzu ka ga takalman sojoji, yanzu ka ga fuskar wata tsohuwa mai tabarau, yanzu tayar keken, yanzu jaririn, a koma kan takalman. Abin da a zahiri ba zai wuce minti ɗaya ko biyu ba, sai ya ja shi har mai kallo ya rasa inda zai sa ransa. Wani abin mamaki, a tarihi ba a yi wannan kisan a kan matakalar ba. Shi ya ƙirƙira, amma ƙarfin hoton ya sa mutane da dama suka ɗauka haka aka yi.

Bayan shekara 62 sai Brian De Palma ya yi The Untouchables a 1987, labarin jami'in gwamnati Eliot Ness, wanda Kevin Costner ya hau, da yaƙinsa da babban ɗan ta'addan Chikago, Al Capone, wanda Robert De Niro ya fito a madadinsa. Ness yana tashar jirgin ƙasa yana dakon akawun Capone. Ga wata mata tana fama da akwatuna da keken jariri, tana so ta hau matakala. Ya duba agogo, ya dube ta, ya kasa daurewa, ya je ya kama mata. Yana kaiwa sama sai ga mutanen da yake jira. Harbi ya ɓarke, keken ya kuɓuce, aka rage gudun hoton, ƙarar tayoyin a kan matakala ta danne komai.

Duba abin da De Palma ya yi. Ya ɗauki matakala, ya ɗauki keken, har da wasu sojojin ruwa da fararen kaya ya sa suna wucewa ta wurin, don wanda ya san tsohon fim ɗin ya yi murmushi. Amma ma'anar ya juya ta gaba ɗaya. A wurin Eisenstein keken yana nuna yadda masu mulki ke murƙushe talaka, kuma babu mai ceto. A wurin De Palma jarabawa ce ga jarumi: zai kama ɓarawo ne ko zai ceci yaro? Andy Garcia ya sulalo a ƙasa, ya cilla wa Ness bindiga, ya tare keken, yaro ya tsira. Wanda bai taɓa jin sunan Eisenstein ba zai ji daɗin wurin ɗari bisa ɗari. Wanda ya sani kuma ya ci riba biyu.

Ga kuma wani abu da zai yi wa furodusoshinmu daɗi. Asalin rubutun fim ɗin, a cikin jirgin ƙasa za a yi wannan artabu, kamfani ya ce kuɗin sun yi yawa. Rashin kuɗi ne ya tura De Palma kan matakala. Keken nan dai bai daina gangarawa ba: ya ɓulla a Tezaab na Anil Kapoor a 1988, kuma a 1994 'yan barkwancin Naked Gun suka mayar da abin wasa, suka saki kekuna da yawa a lokaci guda.

SHOLAY, WANDA MUKA ɗAUKA NA INDIYA NE ZALLA

Yanzu bari mu zo gida, don a ƙasar Hausa Sholay ɗan gida ne. Ramesh Sippy ya sake shi ranar 15 ga Agusta, 1975, Salim da Javed suka rubuta, ya kuma shafe sama da shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva da ke Bombay. Waye bai san Gabbar Singh ba? Waye bai san Amitabh Bachchan da Dharmendra ba, wanda iyayenmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi?

To sai dai Sholay jika ne, kuma kakansa Bajapane ne. A 1954 Akira Kurosawa ya yi Seven Samurai: ƙauyen manoma da 'yan fashi suka addaba, sai suka ɗauko hayar mayaƙa su kare su. A 1960 Amurkawa suka mayar da shi fim ɗin kaboyi, The Magnificent Seven. Salim da Javed suka rage mayaƙan daga bakwai zuwa biyu, suka ƙara soyayya da waƙa da barkwanci da ɗaukar fansa. Wannan a ɓangaren labari ke nan. A ɓangaren hoto kuwa, wurin wani Ba'italiye suka je, Sergio Leone.

Tuna fitowar da Gabbar ya tsere daga kurkuku ya je gidan Thakur. Shiru, sai ƙarar lilo. Harbi daga nesa, mutane na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙaramin yaro ya fito daga cikin gida a guje, ya tsaya cak. Gabbar ya sauko a kan doki a hankali, ya ɗaga bindiga ya saita yaron. Ba a nuna mana harbin ba, sai kawai hoto ya yanke zuwa jirgin ƙasa yana huci, Thakur yana saukowa da tsarabar iyalinsa. To nemi Once Upon a Time in the West na 1968. Iyali suna shirin biki a ƙofar gida, kukan ƙwari ya ɗauke, harbi, kowa ya faɗi, ƙaramin yaro ya fito a guje. Henry Fonda ya matso, ya ɗaga bindiga, ƙarar harbin ta narke ta koma kukan jirgin ƙasa. Kusan taki-taki.

Shin wankiya ce? A ganina a nan ne Sippy ya nuna shi gwani ne. A fim ɗin Leone, abin da ya girgiza Amurkawa shi ne fuskar mai harbin, don Henry Fonda mutumin kirki ya saba fitowa, ba su taɓa zaton za su gan shi yana kashe yaro ba. A Sholay ba wannan ne zancen ba. Nauyin yana kan wanda zai sauko daga jirgin, da gawarwakin da zai tarar a jere an lulluɓe su da fararen mayafai, iska tana yaye su ɗaya bayan ɗaya, da kuma surukarsa Radha da za ta ƙare rayuwarta cikin fararen kayan takaba. Wannan Leone bai san shi ba, na Indiya ne. Ya ari tukunya, amma miyar tasa ce.

Ko shugaban gidan yarin nan mai ɗan gashin baki, wanda Asrani ya fito a matsayinsa, ba daga sama ya faɗo ba. Charlie Chaplin ne a The Great Dictator na 1940, inda ya yi wa Hitler shaƙiyanci, har da ƙwallon taswirar duniya da yake wasa da ita. Dama Indiyawa sun daɗe da Chaplin. Raj Kapoor a Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955, da 'yar hularsa da wandon da bai kai ƙasa ba da tafiyar agwagwa, duk Chaplin yake gaidawa, kuma bai taɓa musun haka ba.

RANAR DA ABIN YA KAI KOTU

Kada mai karatu ya ɗauka a can kowa ɗauka yake yi a bar shi. Shi kansa Leone ɗin da aka ara a wurinsa, an taɓa kama shi dumu-dumu. A 1961 Kurosawa ya yi Yojimbo: wani mayaƙi marar suna ya shigo garin da ƙungiyoyi biyu ke gaba da juna, ya dinga haɗa su faɗa yana karɓar kuɗi a kowane ɓangare. A 1964 Leone ya fitar da A Fistful of Dollars, ya canza takobi zuwa bindiga, ya sa Clint Eastwood, amma labarin da jerin fitowa-fitowar kusan duk na Kurosawa ne, kuma ba a nemi izini ba. Kurosawa ya rubuta masa takarda, ya yaba fim ɗin, sannan ya tuna masa cewa nasa ne. Kamfanin Toho ya shigar da ƙara. Aka sasanta a kan kashi 15 cikin 100 na cinikin fim ɗin a duniya, da haƙƙin nuna shi a wasu ƙasashen Asiya. Rigimar ta sa fim ɗin bai shiga Amurka ba sai 1967.

Ka ga bambancin ke nan a fili. De Palma ya ɗauki fitowa ɗaya, yana fatan a gane. Leone ya ɗauki fim sukutum, yana fatan kada a gane. Mai jinjina yana jin haushi idan ba ka lura ba, mai wankiya kuwa gabansa faɗuwa yake idan ka lura. Fim ɗin Leone ya yi kyau, ya haifar da sabon salon kaboyi, ya ɗaga Clint Eastwood, amma kyansa bai hana a biya mai kaya ba.

JACKIE CHAN DA AGOGO

Masu son Chanis, ga naku. A Project A na 1983 akwai inda Jackie Chan yake reto a jikin hannun agogon wata doguwar hasumiya, daga bisani ya saki, ya faɗo ta cikin rumfunan yadi biyu ya daki ƙasa. Da gaske ya faɗo, ba sau ɗaya ba, har ya ji ciwo a wuya. Wannan hoton na Harold Lloyd ne a Safety Last! na 1923, inda wani ɗan saurayi mai tabarau yake reto a agogon wani dogon bene, motoci na wucewa can ƙasa. A kashi na biyu na Project A, a 1987, bango ya faɗo a kan Jackie ya wuce ta wata kafa bai taɓa shi ba. Buster Keaton ya riga shi a Steamboat Bill, Jr. na 1928, inda fuskar gida guda ta rufto masa, tagar sama ta zo daidai inda yake tsaye.

Jackie ya sha faɗa cewa a wurin waɗannan 'yan barkwanci na zamanin finafinai marasa magana ya koyi aiki. Dalilin a bayyane yake. Su ba su da murya, jiki ne kaɗai harshensu, shi kuma yana so Bahaushe da Balarabe da Bature su yi dariya ba tare da sun ji Sinanci ba. Da kowa yake ƙoƙarin zama sabon Bruce Lee bayan 1973, shi sai ya koma baya shekara 50 ya samo hanyarsa.

Wani lokacin jinjinar ba ta wuce ƙiftawar ido. A ƙarshen Goodfellas na 1990, Martin Scorsese ya sa Joe Pesci ya kalli kyamara ya harbe ta, kamar yadda wani ɗan fashi ya yi a The Great Train Robbery tun 1903. A ƙarshen The Searchers na 1956, John Wayne ya tsaya a bakin ƙofa ya kama gwiwar hannunsa da ɗaya hannun. Tsayuwar Harry Carey ce, tsohon jarumin kaboyi da ya rasu a 1947, kuma matar marigayin, Olive Carey, tana cikin 'yan wasan fim ɗin. Wannan gaisuwar ta mutum ɗaya ce kafin ta zama ta 'yan kallo.

INDIYAWA SUN KOMA GAIDA NA GIDA

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da Indiyawa suka ga tarihinsu ya yi kaurin da za su jinjina wa kansu. Om Shanti Om na Farah Khan, 2007, kusan gaba ɗayansa haka yake. An buɗe shi a wurin ɗaukar waƙar Rishi Kapoor ta fim ɗin Karz na 1980, Shah Rukh Khan yana cikin 'yan kallo. A wata waƙar aka yi amfani da kwamfuta aka saka Deepika Padukone tana rawa da Sunil Dutt da Rajesh Khanna da Jeetendra a tsofaffin finafinansu. Ƙarshen labarin kuma, inda fatalwa ta zo ta ƙarasa aikin da aka shirya mai kama da ita za ta yi, daga Madhumati ne na 1958.

Akwai wurin da wuta ta kama a lokeshin, Shah Rukh ya faɗa ciki ya ceto jarumar. Ɗan Indiya yana ganin wannan ya san inda aka dosa: a wurin ɗaukar Mother India na 1957 wuta ta ritsa da Nargis, Sunil Dutt ya shiga ya fito da ita, ya ƙone, daga baya suka yi aure a 1958. Su ne iyayen Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin. Ka ga har abin da ya faru a bayan kyamara ya zama abin jinjina.

Sai dai ba kowa ya ji daɗi ba. Dattijo Manoj Kumar ya fusata kan yadda aka kwaikwayi salonsa na rufe fuska da tafin hannu, ya ce izgili ne, har Shah Rukh ya ba shi haƙuri, maganar ma ta je kotu. Tsakanin gaisuwa da tsokana tazarar ba ta da yawa, musamman idan wanda ake gaidawa yana raye yana kallo.

Shi kuwa hannun da Shah Rukh ya miƙo wa Kajol daga ƙofar jirgin ƙasa a Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, an maimaita shi har an gaji da ƙirgawa. A Chennai Express na 2013 shi da kansa ya sake miƙo hannun, ya jawo Deepika, sannan ya ci gaba da jawo wasu ƙarti ɗaya bayan ɗaya, bai san su ne masu farautarta ba. Dariyar wurin ba ta aiki sai ga wanda ya san na farkon, kuma Rohit Shetty ya san babu wanda bai sani ba.

Amma fa kama da wane ba ta wane. A 1998 Gus Van Sant ya sake ɗaukar Psycho, fim ɗin tsoro na Alfred Hitchcock na 1960, kusan hoto bayan hoto, da izini da komai, illa dai ya sa kala da sababbin 'yan wasa. Babu wanda ya kira shi ɓarawo, amma fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, masu sharhi kuma suka yi masa ca. Tambayar kowa ita ce: tunda na asalin yana nan, me ka ƙara?

MU FA?

Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 da 'yan kasuwa 'yan Lebanon suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, idon Bahaushe ya saba da su. Saboda haka da aka fara finafinan bidiyo na Hausa, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa zamanin Sangaya da Wasila, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, ana canza kaya sau huɗu a waƙa ɗaya. Wanda ya tashi da abu, da shi zai fara magana. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan wannan alaƙa, ya kuma jera finafinan Hausa da dama tare da na Indiyan da aka ɗauko su daga ciki.

Matsalar ita ce mafi yawan abin da muka yi a wancan lokacin irin na Leone ne, ba irin na De Palma ba. A sa kaset a gaba, a kwashe labari tun daga farko har ƙarshe, a canza Raj zuwa Kabiru, a rubuta "labari da tsarawa" da sunan wani. Har abin da bai dace da mu ba a kwaso. A da ana iya tsira da haka don ba kowa ya ga na asalin ba, kuma ko ya gani bai ji yaren ba. Yau kuwa ana fassara finafinan Indiya da Hausa, suna cikin wayar kowane yaro. Kafin fim ɗinka ya kwana biyu an haɗa hoton naka da nasu gefe da gefe an watsa a Facebook da TikTok.

Ga shi kuwa maƙwabtanmu sun nuna mana wata hanyar tun tuni. A 1966 Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, suka hau dawaki suka ɗauki sunayen Turawa, suka hana ƙauyensu sakat. Duk hotunan kaboyi suna ciki, sukuwa da faɗan mashaya da sauransu, amma fim ɗin yana tambaya ne: me ke faruwa da yaranmu idan suka haɗiye abin da suke gani a silima? Ya gaida kaboyi, ya kuma yi mana magana a kanmu. A 2015 ma an yi irin wannan a Agadas, inda mawaƙi Mdou Moctar ya fito a wani fim da harshen Buzaye wanda aka gina a kan Purple Rain na Prince na 1984. Babur mai launin shunayya yana nan, jita tana nan, uban da ba ya son kiɗa yana nan, amma rawani ne a kan jarumin, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suke yawo. Masu fim ɗin da bakinsu suka faɗi inda suka ɗauko.

Wani darakta zai ce ai su suna da kuɗi. To jinjina ba ta cin kuɗi. Salon nan da Hitchcock ya fito da shi a Vertigo na 1958, wanda Steven Spielberg ya maimaita a Jaws na 1975 a kan fuskar ɗan sandan da ya hango kifi ya kama yaro, ba komai ba ne illa a ja kyamara baya ana zuƙo hoto, ko a tura ta gaba ana sakinsa. Fuskar mutum tana nan yadda take, duniyar da ke bayansa tana miƙewa kamar roba. Da kyamara ɗaya da abin turawa za a yi shi. Ka kwatanta shi a kan fuskar uwargida a daidai lokacin da ta ji guɗa a ƙofar gida. Hoton bakin ƙofa na The Searchers kuwa, daga cikin duhu ana hango mutum a waje cikin haske, wane gini ne ya fi zauren Bahaushe dacewa da shi?

Abin da ya fi damuna shi ne na gida. Industirinmu ta haura shekara 30. Yaran da aka goya ana kallon Sangaya yanzu su ne daraktoci. Muna da namu hotunan da kowa zai gane cikin daƙiƙa ɗaya: jar hular marigayi Rabilu Musa Ibro, wasannin su Kasimu Yero da Samanja a talabijin, shigar Fati Mohammed a Sangaya. Darakta zai iya sa wani yaro ya gifta da irin hular Ibro a bayan jarumi, bai ce komai ba, gidan kallo ya ɗauki sowa. Amma kafin ka gaida fim sai ka gan shi, kuma da yawa daga finafinan shekarun 1990 a kaset suke, kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cin sa. Wasu kamfanonin sun watse, uwar kaset ɗin ma ba a san hannun da take ba.

Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauka a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru da yawa ana jin sunansa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ne da Hausa, da ayarin raƙuma da Sahara da suturar mutanen da, wanda aka ɗauka shekara 14 kafin Turmin Danya. Daraktocinmu nawa ne suka zauna suka kalle shi?